Taku Bakwai a Gindin Kaɗanya

Jikata Na'omi ce ta sa na ɗauki biro a kan wannan magana. Ran nan ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba, ta kawo waya ta tura mini har kusa da hanci.

"Kaka, yau an kama ki! Labarin haihuwarki ashe na wasu ne. Ga shi nan, na mabiya addinin Buda ne. Kuma giwa ce ma, ba saniya ba."

Uwarta ta daka mata tsawa. Ubanta kuwa, wato kai Iliya ɗana na fari, dariya ka yi, ka ce ai an daɗe da sani, Mama ta gaji zuƙi ta malle wurin Kaka Soja. Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Ba haushinka na ji ba, haushin kaina na ji, don wannan sunan maƙaryaci da ya bi tsohon nan har kabari, daga bakina ya fara fita. Shi ya sa nake so ku zauna ku karanta wannan, ku da 'ya'yanku, tun ina da sauran hankalina.

Kun san ban san uwata ba. Hannatu sunanta, ta rasu ina da kwana bakwai. Ubana soja ne, yana can inda aka tura shi, ni kuwa aka bar ni a gidan kakana na wajen uwa, a ƙauyenmu bayan dutse, kan hanyar Danko. Ƙanwar uwata, Inna Saratu, ita ta goya ni tun tana budurwa. Shi kakan nawa ya yi yaƙin Boma, can a ƙasashen Asiya, ya dawo da tabo a ƙauri da wata wuƙar soja da ba ya rabuwa da ita, shi ya sa gari duk Kaka Soja ake ce masa. Da yarenmu na C'lela muke magana a gida, amma shi in zance ya yi masa daɗi sai ya juya Hausar bariki, wai ita ce ta fi ɗaukar labari. Ni "amarya" yake ce mini, ni ina ce masa tsoho mai ƙafar katako, haka muke yini muna tsokanar juna.

Sai dai ba kowa ke wasa da ni ba. Akwai yayar ubana, Gwaggo Asabe, wadda takan zo daga Zuru loto-loto duba ni. Wannan mata ba ta taɓa yarda na taɓa mata ƙwarya ba. A gabana take faɗa wa Inna Saratu cewa a yi hankali da yarinyar nan, farar ƙafa gare ta, ta ci uwarta tun ba ta da haƙori. Maganar ta bazu har bakin rijiya. Mace mai ciki in ta hango ni sai ta sauya hanya. Ina da shekara kamar shida na dawo gida ba tulu, na bar shi can na gudo, don wata ta ce kada na jefa guga a rijiyar da za ta sha. Na tarar da Kaka a gindin rumbu yana tufka igiyar rama. Na tsaya a gabansa na tambaye shi kai tsaye ko gaskiya ne ni na kashe uwata.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza rama a cinyarsa, can ya ce:

"Zauna, amarya. Ba a gaya miki yadda aka haife ki ba? Kai, an cuce ki."

Na ce masa ai rana ce, wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi.

"Wa ya ce miki tatsuniya ce? Shi ya sa ma zan faɗa da rana tsaka, kowa ya ji."

Ga abin da ya gaya mini. Kafin a samu cikina, uwata ta yi mafarki wata farar saniya fat ta zagaye ta sau uku, ta shafi kwiɓinta da hanci. Da wata ya kama, aka ɗauko ta daga gidan miji a Zuru za a kai ta gidan iyayenta ta haihu. A tsakiyar hanya ta ga wata kaɗanya ta ce a tsaya ta huta. Tana zuwa gindinta, sai kaɗanyar ta sauko mata da reshe da kanta, ta kama, aka haife ni tana tsaye. Ni kuwa ina dira ban yi kuka ba, na miƙe na yi taku bakwai, kuma duk inda na taka sai furen bado ya fito, a kan busasshiyar ƙasa. Uwata ta zauna kwana bakwai tana kallona, kowane taku da kwanansa, da ta tabbata ƙafafuna lafiya lau suke, sai ta miƙa ni ga ƙanwarta ta tafi hutawa, don aikin da aka aiko ta ya ƙare.

"To ki gaya mini," in ji shi, "ƙafar da ta fitar da fure, ita ce farar ƙafa? Maza koma ki ɗauko tulun mutane."

Na koma na ɗauko. Wallahi har yau ina jin yadda nake taka ƙasa a ranar, a hankali, ina waiwaye ko zan ga fure. Daga nan duk wadda ta yaɓa mini magana sai in ce mata taku bakwai na yi, ke nawa kika yi? Na sa ya maimaita mini labarin nan ya fi sau ɗari, kullum da rana, kullum yana tufka igiya, kuma bai taɓa sauya ko kalma ɗaya ba. Da na yi wayo na gane jariri ba ya tafiya, amma wannan bai dame ni ba. Na ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tsofaffi. Abin da na riƙe shi ne labarin nawa ne ni kaɗai, ba mai irinsa a duniya.

Shekarar da nake so ku sani ita ce ta biyu da shigata kwalejin horon malamai. A lokacin akwai malamai da yawa daga ƙasashen Asiya a makarantun Arewa. Namu mai koyar da Turanci mutumin Silon ne, siriri, mai sanyin murya, ba ya cin nama. Wata rana yana koya mana yadda ake ba yara labari a aji, ya ce kowa ya kawo labarin garinsu, shi ma zai ba da nasu. Ya fara da nasa. Ya ce wata sarauniya ce ta yi mafarki farar giwa ta zagaye ta ta shiga kwiɓinta. Na gyara zama. Ya ce da haihuwa ta matso, ta kama hanyar gidan iyayenta, a hanya ta tsaya a wani lambu, itace ya sauko mata da reshe. Ya kawo taku bakwai, ya kawo furanni, ya kawo rasuwar uwar a kwana na bakwai, har da ƙanwarta da ta yi renon yaron. Ya ce wannan shi ne labarin haihuwar wanda ya kafa addininsu, kowane yaro a ƙasarsu ya san shi, an zana shi a bangon gidajen ibadarsu tun daga Silon har Boma.

Da ya ce Boma, sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Abin da ya fi muni, 'yan ɗakinmu duk sun san labarina, don na sha yi musu burga da shi. Ɗaya ta juyo ta kalle ni ta toshe baki. Kafin a tashi cin abinci an sa mini suna Sarauniyar Boma. Ban ci abincin ba. Ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba, tunanin da ya biyo baya ne. Na ce in mafarkin na aro ne, reshen na aro, kwana bakwai ɗin na aro, to me ya rage nawa? Abin da ya rage shi ne maganar Gwaggo Asabe. Shekara goma sha uku ina tsaye a kan labarin nan, rana ɗaya aka janye shi, na koma yarinyar bakin rijiya.

Aka yi hutu bayan girbi na tafi gida. Na iso da hantsi, gida cike, ana sussukar dawa, maƙwabta sun zo taya mu, har Gwaggo Asabe ta zo karɓar rabon ɗan'uwanta. Kaka yana wurinsa a gindin rumbu da ramarsa. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, amarya ta dawo! Me kika kawo wa mijinki?"

Da mai hankali ce ni, da na gaishe shi, na sha ruwa, na jira mutane su watse. Amma ɗan ilimin da na samo yana cizona. Ko akwati ban sauke ba na ce:

"Kaka, giwa ce ko saniya?"

Hannunsa ya tsaya a kan cinya. Masu sussuka ma suka tsaya. Na zazzage masa duk abin da malamin ya faɗa, da ƙarfi, da Hausa, don kowa ya ji. Na ce ka ce mini ba tatsuniya ba ce, ka faɗa da rana tsaka, ashe kayan aro ka yafa mini, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Na ce masa maƙaryaci. Da bakin nan nawa na faɗa, a gaban surukansa da jikokinsa. Inna Saratu ta riƙo hannuna tana cewa Rifkatu, don Allah, Rifkatu, na fizge. Na ce yau sai ya gaya mini gaskiyar yadda uwata ta mutu, ba fure ba saniya.

Ya dubi igiyar. Sa'an nan ya ajiye ta, ya yi magana da yarenmu, ba da Hausar bariki ba.

"Dangin ubanki sun ce a bar ta a Zuru, kusa da asibitin mishan, cikin ya tsufa. Asabe ga ta nan, ita ma ta faɗa. Ni na ƙi. Na ce ɗiyata ba marainiya ba ce, haihuwar fari a ɗakin uwarta za ta yi kamar yadda aka saba. Ya kamata in je tun da wata guda, shuka ta riƙe ni. Na je da jaki a makare, ni da Saratu. Rana ta take, hanya duwatsu. Naƙuda ta kama ta a gindin kaɗanya, ba gida gaba ba gida baya. Ta kama reshe don ta kasa zama. Da wuƙar nan na yanke miki cibi. Jini ya zuba da yawa, zazzaɓi ya biyo, kwana bakwai ta tafi. Ba ke kika kashe ta ba. In akwai wanda ya kashe ta, ga shi zaune."

Gwaggo Asabe ta sunkuyar da kai, ita da ta san duk wannan tun farko amma ta ga ya fi sauƙi ta ɗora wa jaririya da ta tunkari tsohon soja. Kaka ya miƙe da ƙyar ya shiga ɗakinsa. Ni na samu gaskiyar da na nema, na tsaya riƙe da ita a tsakar gida ban san inda zan ajiye ta ba. Magana zarar bunu ce. Aka ci gaba da sussuka shiru, ba waƙa.

Washegari ina taya Inna Saratu wanke-wanke ta gaya mini sauran. Ta ce a Boma zazzaɓi ya kwantar da Kaka, aka ajiye su a wani gidan ibada da aka mayar asibiti. Sati uku yana kwance yana fuskantar bango guda, a jikinsa an zana mace tsaye ta kama reshe, ga jariri a tsaye kan furanni. Wani tsoho mai askakken kai da mayafi ruwan ɗorawa shi ke ba su ruwa, shi ya ba shi labarin ta bakin wani kuku mai tafinta. Ta ce ranar da aka haife ni, da Hannatu ta miƙa hannu ta kama reshen kaɗanya, sai ta ji Kaka ya ce, da Hausa, "Bangon nan!" Ita ba ta gane ba sai bayan shekaru.

"Saniyar kuma?" na tambaye ta.

"Ke dai ba ki da kirki. Da me kike tsammani na shayar da ke, ni da ban taɓa haihuwa ba? Akwai wani Bafulatani da ya sauka bayan gonarmu a daminar nan, Allah Ya saka masa. Farar saniyarsa ce uwarki ta biyu. Kullum da sassafe Baba ke zuwa da ƙoƙo da ƙafarsa mai ciwo, wata bakwai bai fasa ba."

Na zauna a kan turmi na lissafa. Hanya gaskiya ce, itace gaskiya ne, reshe, kwana bakwai, ƙanwar uwa, har saniyar. Ban da mafarkin, abin da ya aro taku ne da fure, kuma su ya sa daidai wurin da jinin yake, don kada yarinya 'yar shekara shida ta gani. Giwar masu ita ma bai ɗauko ba, ya bar musu abarsu, ya sa dabbar da ta rayar da ni. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kafin nan ko bayan nan.

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na nemi gafara. Ya ce ba komai, Rifkatu, Allah Ya yafe mana duka. Rifkatu ya ce. Daga ranar bai ƙara kirana amarya ba, bai kuma ƙara ba kowa labari ba, ko na yaƙi, ko na komai. Yaran unguwa da suka saba zagaye shi suka daina zuwa. A gari kuwa rabin maganar aka riƙe, wato cewa jikarsa mai boko ta kama shi da ƙarya, har ya zama in mutum ya cika zance sai a ce ya fara irin ta Soja. Wannan ce kuka tashi kuna ji. Ɗaya rabin, na jaki da wuƙa, mutanen gida suka binne shi don kunya, ni ma na taya su binnewa, sai yau.

Na koma makaranta. Da farkon damina aka aiko cewa jikin Kaka ya yi tsanani. Na nemi izini na hau motar kasuwa, na ƙarasa da ƙafa. A hanya na wuce kaɗanyar, don Inna Saratu ta kwatanta mini ita, tana nan kusa da wani fako, 'ya'yanta sun zuba akuya na ci. Itace ne dai kamar kowane itace. Na tarar an fito da shi inuwar rumbu a kan tabarma, ya rame, idonsa rufe. An ce kwana biyu bai yi magana ba. Na zauna a gefensa, na ɗauki ramar da ya bari, na fara murzawa a cinyata duk da ban iya ba. Na ce:

"Tsoho mai ƙafar katako, ba ni labarin haihuwata."

Can ya motsa baki, da ƙyar na ji.

"Ba naki ba ne. Ke kika faɗa."

Na ce to shi ke nan, tunda rowa za ka yi, ni zan ba ka. Na juya Hausar bariki irin tasa. Na fara da farar saniya da ta zagaya sau uku. Na kawo hanya, na kawo kaɗanya da reshenta. A nan na ƙara abin da bai taɓa sawa ba. Na ce akwai wani tsohon soja mai taurin kai tare da su, wanda ya yi kuskure, ya kuma tsaya a wurin bai gudu ba, ya yanke cibi da wuƙarsa, ya tuɓe rigarsa ya naɗe jaririyar, ya yi wata bakwai yana bin saniya da ƙoƙo. Na ga ruwa ya gangaro daga gefen idonsa zuwa kunne. Na ci gaba. Na ce sai yarinyar ta miƙe ta yi taku shida.

Ya buɗe ido ɗaya.

"Bakwai."

Na ce shida dai, ai ni na yi takun.

"Bakwai, amarya. Ina wurin."

Kwana uku bayan nan ya rasu.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa a firamare, a Zuru da Dirin Daji, kuma kun san abin da aka san ni da shi. Duk yaron da na ga yana rakuɓe a bayan aji, maraya ko wanda aka laƙa wa wani mugun suna, sai na nemi wanda ya san yadda aka haife shi, na tambayi gaskiyar, ko ruwa ake yi, ko a gona ne, ko wa ya fara ɗaukarsa. Sa'an nan in nemo abin da zan sa a wurin da ke da ciwo. Na ara daga Littafi Mai Tsarki, na ara daga abin da maƙwabtana Musulmi suka ba ni, na ara daga malamin nan na Silon, wanda daga baya na koma na roƙe shi ya ba ni sauran labaransu, ya ba ni da yawa, na barewa da biri da aku. Ƙananan littattafan yara da na rubuta bayan na yi ritaya duk daga nan suka fito. Bambancina da Kaka ɗaya ne, ni in yaro ya girma ya tambaya, nakan gaya masa inda na aro. Shi ma da na tambaye shi a hankali, mu biyu, na tabbata da ya gaya mini.

Saboda haka Iliya, kada in ƙara jin wannan kalma a kan kakana, ko da wasa. Ke kuma Na'omi, abin da ke cikin wayarki daidai ne, giwa ce, kuma labarin masu shi ne, ki girmama musu abinsu. Amma ranar da kika tura mini wayar kin tambaye ni wani abu ban amsa ba. Kin ce, to Kaka, tsakani da Allah, taku nawa kika yi?

Bakwai. Wanda yake wurin ne ya gaya mini.